Darasin Wannan Wata: Karatun Injiniyan Muhalli da Tattalin Albarkatun Ƙasa a Jami'a

Domin karantawa a taron ƙungiya. Sakatare ya karanta kashi ɗaya ɗaya, a tsaya a yi tambayoyi kafin a wuce gaba. A tanadi allo da alli saboda lissafin da ke kashi na uku.

Kowace shekara idan lokacin cika takardar shiga jami'a ya zo, iyaye su kan tare mu da tambaya iri ɗaya. Yaro ya ce zai karanta aikin injiniyan muhalli, ko yarinya ta ce tana son tattalin albarkatun ƙasa. To, wane irin karatu ne wannan, kuma me zai ci da shi? Likita mun san shi, malamin makaranta da malamin gona duk mun san su, amma wannan suna baƙo ne a kunnenmu. Tambayar kuwa tana da nauyi, gama shekara biyar ta jami'a ba ƙaramin hatsi ta ke ci ba, kuma sau da yawa ƙungiya a ke roƙo ta sa hannu. Manufar darasin nan ita ce mu san abin da a ke koya, da amfaninsa ga ƙauye, da hanyar shiga, domin idan maganar ta zo gaban ƙungiya mu yanke shawara da idonmu a buɗe.

1. Ma'anar kalmomin

Muhalli shi ne dukan abin da ya kewaye mu wanda rayuwarmu ta dogara a kansa, watau ƙasa, ruwa, iska, itatuwa, ciyawa da dabbobi. Injiniyan muhalli shi ne wanda ya koyi auna waɗannan abubuwa da gina abin da zai kiyaye su: rijiya mai tsabta, madatsar ruwa, magudana, wurin tace ruwan sha, wurin binne shara. Mai tattalin albarkatun ƙasa kuma ya fi mai da hankali ga tsari da yarjejeniya tsakanin mutane: nawa za a ɗiba, wa zai ɗiba, yaushe za a bar wuri ya huta.

Dukan ilimin nan yana kama da littafin ma'ajin ƙungiya. Ma'aji yana da shafi biyu, na kuɗin da ya shiga da na kuɗin da ya fita. Idan na fita ya fi na shiga shekara bayan shekara, kowa ya san ƙarshen ƙungiyar. Haka rijiya ta ke: damina tana zubawa, guga yana ɗiba. Haka gona ta ke: taki da ganye suna ƙara mata ƙarfi, amfanin gona da zaizaya suna ragewa. Haka dajin itace da makiyaya su ke. Bambancin kawai shi ne waɗannan ba su da ma'aji, sai ran da rijiya ta ƙafe a ke gane an ci bashi. Abin da jami'a ke koya wa ɗalibi shi ne yadda zai riƙe wa ruwa da ƙasa da itatuwa irin wannan littafi.

A shekarar 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarƙashin Madam Brundtland ta ƙasar Norwe, ya fitar da rahoto wanda ya yaɗa wannan tunani a duniya. Taƙaitaccen nufinsa shi ne mutanen yau su biya bukatarsu ba tare da sun hana na gobe biyan tasu ba. Manomin da ke ware iri kafin ya buɗe rumbu domin ci ya riga ya fahimci wannan magana.

2. Mafarin wannan ilimi

A shekarar 1854 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A zamanin nan yawancin mutane sun ɗauka mugun wari ne ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana ƙirga waɗanda suka mutu, yana tambayar inda su ke ɗiban ruwa. Sai ya ga yawancinsu daga famfo ɗaya su ke sha. Ya roƙi hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa akwai ramin masai dab da rijiyar, yana yoyo cikinta. Bayan 'yan shekaru injiniyoyi suka gina wa birnin manyan magudanai domin a raba ƙazanta da ruwan sha. Daga irin wannan aiki ne ilimin injiniyan muhalli ya taso.

Mu ma mun ga irinsa da idonmu. Dattawan cikinmu suna tunawa da kurkunu, yadda ya kan kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami masu cutar fiye da 650,000. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da maganin sha. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da sa magani a kududdufai, da hana mai ciwon shiga ruwa aka kore shi. Mutum na ƙarshe da ya kamu da shi a ƙasar nan a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Rigakafi ya fi magani, in ji masu iya magana, kuma aikin injiniyan muhalli rigakafi ne tun daga bakin rijiya.

3. Lissafi uku da za mu yi tare

Domin mu ɗanɗana irin tunanin da a ke koya, bari mu yi lissafi uku a kan allo. Lambobin misali ne, kowace ƙungiya ta sa nata.

Na fari, bukatar ƙauye. Masana sun ce mafi ƙarancin ruwan da mutum ɗaya ke bukata a rana, domin sha da dafuwa da ɗan wanke hannu, shi ne lita 20. A ce ƙauye yana da mutum 500. Bukatarsu lita 10,000 ke nan kowace rana. A ce kuma akwai shanu 100, kowace tana shan lita 25 da bazara, an ƙara lita 2,500. Jimla lita 12,500. To, idan famfon hannu yana cika jarka mai lita 25 cikin minti biyu, a awa ɗaya zai ba da lita 750. Raba 12,500 da 750, za ka sami kusan awa 17. Ashe famfo ɗaya ba zai ishi ƙauyen nan ba ko da an fara bugawa tun da asuba. Ga dalilin dogon layi da faɗan mata a bakin famfo, ga kuma dalilin da ya sa ya ke saurin lalacewa.

Na biyu, ruwan rufin kwano. Ƙa'idar ita ce, milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A ce rufin majami'a ya rufe fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, watau murabba'in mita 200. A ce ruwan shekara milimita 800 ne. Ruwan da ya sauka a kan rufin lita 160,000 ne. Cire kashi ɗaya cikin biyar domin wanda zai zube da wanda za a bari ya wanke kwano, saura lita 128,000, watau duro 640 mai cin lita 200. Da jin wannan sai mu yi murna. Amma mutanen ƙauyen can za su shanye shi kafin kwana 13. Saboda haka tankin rufin kwano ya dace da ɗakin shan magani, ko makaranta, ko wurin renon itatuwa. Wanda ya yi wa ƙauye alkawarin zai raba su da ƙishirwar rani da tanki ɗaya bai yi lissafi ba.

Na uku, ruwan gona. Hekta ɗaya, watau eka biyu da rabi, murabba'in mita 10,000 ce. Ruwan shekara milimita 800 a kanta lita miliyan 8 ne, duro 40,000. Mu tsaya mu dubi wannan lamba. Babu tankin da ƙungiya za ta iya ginawa da ya kai gona ɗaya karɓar ruwa. Abin tambaya shi ne nawa ya nutse cikin ƙasa, nawa ya gudu zuwa kwari ɗauke da taki da ƙasar sama. Wanda ya nutse shi ke ciyar da shuka lokacin da ruwa ya ɗauke, shi ne kuma ke cika rijiya da rani. Saboda haka kunya da aka ja a gicciyen gangare, da jerin duwatsu, da karan da aka bari a gona, da itatuwa, duk aikin rijiya su ke yi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma sai an bar shi ya shiga tukuna.

4. Abin da ɗalibi ke koya

A jami'o'in Nijeriya karatun injiniya shekara biyar ne. Shekara ta fari ta lissafi ce da fiziks da kemistiri. Nan ne waɗanda tushensu ba shi da ƙarfi su ke shan wuya. A shekara ta biyu dukan ɗaliban injiniya su kan koyi zanen gini da na inji, da aikin hannu a ɗakin ƙira, da ƙarfin ƙarfe da kankare, da aiki da kwamfuta. Daga shekara ta uku kowa ya kama hanyarsa. Ga manyan darussan injiniyan ruwa da muhalli:

(a) Tafiyar ruwa: yawan ruwan sama, yawan wanda rafi ke ɗauka, girman ambaliyar da za a iya tsammani, da yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. A ƙasar duwatsu irin ta Filato ruwa yana ɓuya ne cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutse, shi ya sa a kan haƙa rijiya nan a samu, a matsa taku kaɗan a rasa. A ƙasar yashi mai zurfi kuwa ruwan yana shimfiɗe ne.

(b) Halin ƙasa da safiyo: bambancin yumɓu da jigawa da marmara, wace ƙasa za ta riƙe madatsa, wace za ta yi yoyo, da awon gangare.

(c) Tace ruwan sha: a sa alif laka ta kwanta, a bi da ruwan cikin yashi, sa'an nan a sa sinadarin kilorin ya kashe ƙwayoyin cuta. A ɗakin gwaje-gwaje ɗalibi ya kan koyi neman ƙwayoyin cutar bayan gida cikin ruwa. Ruwa ya kan yi garau a ido alhali yana ɗauke da taifot.

(d) Ƙazanta da shara: inda za a haƙa masai, yadda za a binne shara, yadda za a bi da ruwan majema da na masana'antu. Ƙa'idar da kowa zai iya riƙewa ita ce masai ya nisanci rijiya da mita 30, taku kamar 40 na babban mutum, ya kasance ta gangaren rijiya, kuma gindin ramin kada ya kai ga ruwan ƙasa.

(e) Noman rani da magudana: yawan ruwan da shuka ke bukata, da yadda ban ruwa fiye da kima ba tare da mafita ba ya kan tayar da gishiri ya kashe fili.

(f) Binciken illar aiki tun kafin a fara shi. Tun 1992 dokar Nijeriya ta ce kafin a yi babban aiki kamar madatsa ko masana'anta sai an bincika abin da zai jawo wa ruwa da ƙasa da mutanen wurin.

A shekara ta huɗu ɗalibi ya kan fita wajen wata shida domin koyon aiki a ma'aikata ko kamfani. A shekara ta biyar ya kan zaɓi matsala guda ya yi bincike a kanta ya rubuta. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa. Karatun tattalin muhalli da albarkatun ƙasa kuma shekara huɗu ne ko biyar, ya danganta da jami'a. Lissafinsa bai kai na injiniya ba, amma akwai ilimin ƙasa, da na itatuwa, da zanen taswira, da dokoki, da sasanta masu amfani da albarka guda, kamar manomi da makiyayi da masunci.

5. Misalai uku

Zamfara, 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yara ƙanana suka riƙa mutuwa da jijjiga. Aka gano gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya suna kawo dutsen cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar kuwa cike da dalma, ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka mutu. Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan yaro ya koma gida mai guba aikin banza ne. Saboda haka sai da injiniyoyin muhalli suka fara shiga. Suka auna dalmar ƙasa gida gida da na'ura, aka ɗauki mutanen gari aiki suka kankare ƙasar sama, aka zuba a buhuna, aka binne a ramukan da aka shirya bayan gari, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Garin Bagega sai a 2013 aka share shi. Darasi a nan shi ne, akwai cutar da maganinta ya ke farawa da shebur da na'urar awo. Kuma duk inda a ke haƙar ma'adini, kada a kawo dutsen cikin gida.

Tiga da fadamun Haɗejiya. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba birnin Kano ruwan sha, sun buɗe noman rani na shinkafa da alkama da tumatir a wuraren Kadawa da Kura. Wannan alheri ne na gaske. Amma ruwan nan shi ne dā ya ke malala kowace damina a fadamun Haɗejiya da Nguru har zuwa Gashuwa, inda dubban mutane ke noman shinkafa, da kamun kifi, da kiwo. Bayan madatsun, malalar ta ragu. Sakin ruwa kaɗan kaɗan dukan shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, har waɗansu wurare suka bushe, waɗansu suka nutse. Masu bincike da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwa mai yawa ɗaya ya fi kawo amfani a fadama fiye da a filin noman rani na sama, idan an haɗa kifi da itace da amfanin gona. Darasi a nan shi ne, littafin ma'aji na kogi dole ya ƙunshi mutanen gangare. Mu ma idan za mu tare rafi domin lambu, mu fara zama da ƙauyen da ke ƙasa da mu.

Maraɗi, 1983. Tony Rinaudo mutumin Ostireliya ne wanda ya karanta ilimin aikin gona, ya zo Jamhuriyar Nijar aiki da mishan ta SIM. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace sharar gona toho ne na kututturan manyan itatuwa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. Sai ya fara shawartar manoma su zaɓi kututture, su bar rassa mafi ƙarfi kamar uku zuwa biyar, su sassabe sauran, su kāre su daga wuta da dabbobi. Wannan shi a ke kira sassabin zamani. Manoma suka ɗauka daga juna, kuma da suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, abin ya bazu. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200 a kudancin Nijar. Cikinsu har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya ba gero taki ba tare da ya yi masa inuwa ba. Darasi a nan shi ne, mai ilimi na ƙwarai ya kan duba abin da ke gona tukuna kafin ya nemi abin da za a sayo, kuma aikin ya tsaya ne domin manoma sun ga ribarsu a ciki.

6. Hanyar shiga

Shiri yana farawa tun aji huɗu na sakandare, lokacin da a ke zaɓen ajin kimiyya. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Waɗannan huɗu ne kuma mai neman injiniya ke rubutawa a jarrabawar JAMB. Wanda ya yi difloma mai kyau a kwalejin kimiyya da fasaha yana iya neman shiga daga aji biyu.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka ta Makurdi suna da sashen injiniyan aikin gona da muhalli. Jami'ar Maiduguri tana koyar da injiniyan gine-gine da albarkatun ruwa. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cibiyar AGRHYMET a Yamai, akwai kuma makarantar injiniyan ruwa da muhalli ta 2iE a Wagadugu. Sunayen darussa su kan canza, saboda haka ɗalibi ya duba littafin JAMB na shekarar da zai shiga, ya kuma tabbata hukumar kula da jami'o'i ta amince da darasin.

Ba kowa ne zai kai jami'a ba, kuma ƙauye yana bukatar masu aikin hannu kamar yadda ya ke bukatar injiniya. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da ma'aikatan ruwa, Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos kuma tana horar da ma'aikatan itatuwa. Famfon da ya lalace gwanin gyara ya ke jira.

Game da aiki, mu faɗi gaskiya: takardar digiri ba ta ba kowa tabbacin albashi. Bayan shekarar bautar ƙasa, wuraren da a ke nema su ne hukumomin ruwa na jihohi, hukumomin raya kogunan ƙasa, ma'aikatun muhalli da na gona, kamfanonin haƙar rijiya da na gine-gine, da ƙungiyoyin raya karkara. Waɗansu su kan jira, waɗansu su kama aikin kansu. Injiniya kuma sai ya yi 'yan shekaru yana aiki kafin hukumar COREN ta yi masa rajista.

7. Abin da ƙungiya za ta yi

Na ɗaya, mu lura da yara masu kan lissafi tun da wuri, mata da maza. 'Yan mata su ne suka fi kowa sanin nisan rafi da nauyin jarka, kada mu hana su ajin kimiyya.

Na biyu, idan ƙungiya za ta taimaka, ta yi lissafin shekara biyar cif, da kuɗin makaranta, da abinci, da ɗaki, da mota, da littattafai. A rubuta a littafin taro ko kyauta ce ko rance. Kada a taɓa kuɗin taki da na iri, kada kuma iyali su sayar da gonar da su ke ci. Tun 2024 akwai asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, amma a tuna bashi ne, za a biya.

Na uku, kada mu ɗaure yaro da alkawarin zai dawo ƙauye ya zauna, gama aikinsa yana iya kai shi nesa. Abin da za mu roƙa shi ne hutunsa da bincikensa na shekarar ƙarshe. Kowane ɗalibi yana neman matsalar da zai yi bincike a kai, mu kuwa muna da su: rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris, kwazazzabon da ke cin hanya, tsohon kududdufin kuza da a ke ban ruwa da shi ba a taɓa gwada ruwansa ba.

Na huɗu, mu fara riƙe littafin tun yanzu. Injiniya ba ya aiki sai da lambobi, kuma babu wanda zai tara lambobin ƙauyenmu in ba mu ba. Idan ɗanmu ya dawo ya tarar da awon shekara uku a rubuce, ya sami jarin da babu shi a ɗakin karatu na jami'a. Ya kuma zauna da dattawa masu haƙar rijiya, gama sun san inda ruwa ke kwance tun kafin a haife shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa ne da dabbobi nawa ke sha daga rijiyarmu ko famfonmu? Awa nawa zai yi aiki a rana kafin ya ishe mu?
2. Akwai masai ko turken dabbobi da bai kai taku 40 daga rijiya ba? Me za mu yi a kai, kuma wa zai yi magana da mai gidan?
3. Su wane ne ke shan rafinmu ta gangare? Mun taɓa shawara da su?
4. Waɗanne albarkatu ne a ƙauyenmu a ke ɗiba fiye da yadda su ke komowa?
5. Idan iyali suka roƙi taimakon karatu, wace ƙa'ida ƙungiya za ta bi domin kada a yi son kai?

Aiki kafin taro na gaba

A zaɓi mutum biyu, namiji da mace. Ran ɗaya ga kowane wata, da sassafe kafin a fara jan ruwa, su saka igiya mai ɗan dutse a rijiyar gari, su auna daga baki zuwa kan ruwa, sakatare ya rubuta kwanan wata da tsawon. A rubuta sunayen yaran ƙungiya da ke aji uku zuwa shida na sakandare, da darussan da su ke ɗauka. Kowane memba kuma ya ƙirga kututturan da ke toho a gonarsa, ya zaɓi biyar da zai bari bana. A kawo rahoto a taro mai zuwa, a kuma ba malamin gona kwafi idan ya zo zagaye. Allah ya ba mu damina mai albarka.